Kun Gyara Mini Waya, Kun Rufe Mata Baki

Zuwa ga Mushe Darakta, kamar yadda ake kiranka da Faransanci, shugaban shagon sayar da wayoyi da gyaransu da ke bakin babban titi, kusa da Zongo, Kwatano.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ranka ya daɗe, kai da ma'aikatanka, musamman gwanin gyaran nan naka wanda maganarsa ke tafe.

Sunana Balkisa, haifaffiyar Zongo. Makauniya ce ni tun ina 'yar shekara tara. Na yi jami'a a Kalabi, yanzu kuma ina aikin fassara a wani biro, wato ofis, da ke can. Na faɗi wannan ne don kada ka wahala wajen neman wanda ya rubuta mini wasiƙar nan. Ni na rubuta ta da yatsana, a kan wayar da kuka gyara. Sau biyu ana raka ni shagonka ana ce mini kana taro, shi ya sa na kawo maganar inda kowa zai ji.

Na ɗaya. Tunda kai mai sayar da waya ne, bari in gaya maka yadda take aiki. A cikin wayoyin shafa da ke jere a kantarka akwai murya mai karanta abin da ke kan gilashi. In na ɗora yatsa, ta faɗi abin da na taɓa. In shi nake so, in buga sau biyu. Nakan ƙara wa muryar sauri, domin kunnena ya saba. Nakan kuma kashe hasken gilashin, tunda ni ba ya yi mini amfani, sai dai wanda ke leƙe ta kafaɗata. Da wannan nake karanta saƙo, nake aiki, nake jin sunan kowace mararraba in ina bayan zem, babur ɗin haya.

Na biyu. Makonni uku da suka wuce, ranar Talata, na kawo muku wayar saboda ramin caji ya saki. Shi kaɗai ne ciwonta, kuma na faɗa da Faransanci da Hausa. Matar da ke kanta ta amsa wa mutumin da ke bayana a layi, a zatonta shi ya kawo ni. Ranar Alhamis na dawo na karɓa a kashe, an ce in bari sai na yi tafiya kaɗan kafin in kunna, batirin bai jima da sauka daga caji ba. Na yarda, kuma wannan shi ne laifina guda a cikin labarin nan. Takardar da kuka haɗo da ita, daga baya yayata Saratu ta karanta mini. Gwaninku ya gano cututtuka uku: gilashi baƙi, waya na surutu ita kaɗai, kuma ba ta amsawa sai an buga sau biyu. A ƙasa ya rubuta cewa an goge komai, an warware matsala, kyauta. Na gode da kyautar. Abin da ya warkar shi ne idona.

Na uku. Daga shagonka na hau zem zuwa gida, ana yayyafi. Mai zem ɗin baƙo ne a gari, bai kuwa faɗa ba. Da na ji tafiyar ta yi tsawo, na ciro wayar na kunna don in ji inda muke. Ta yi 'yar girgiza, ta yi shiru. Na shafa, shiru. Na danne maɓallan sauti biyu, hanyar da na tanada don tayar da muryar, ita ma ta tafi tare da gogewar. Mutumin ya sauke ni inda ya kira Zongo, ya wuce. Warin kifi da ruwan da ya kai mini idon sawu suka gaya mini unguwar Laji nake, can bakin tafki. Lambar Saratu tana cikin kaina, wayar tana hannuna da cikakken batiri, amma babu hanyar da zan haɗa su, domin gilashi ko'ina sumul yake. Wata mai sayar da kifi ce ta bar tirenta, ta kama hannuna har ƙofar gidanmu. Ba ma jin yaren juna. Duk da haka, ni ta yi wa magana, ba na bayana ba.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wasiƙar. Shekara biyu na yi ina lallashin Innarmu kafin ta bar ni in riƙa fita ni kaɗai. Abin da ya kwantar mata da hankali wayar nan ce: takan ji ta tana faɗin titi, takan kira in ɗauka. Ranar nan tana zaune a zaure aka shigo da ni jiƙe, baƙuwa na jan hannuna kamar wadda aka tsinto. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki sandata ta kai ɗakinta, har yau tana can, ni kuma tun ranar ban koma wurin aiki ba. Saratu ta maido da muryar cikin minti biyu, ina gaya mata inda za ta taɓa. Amincewar Inna ce ba ta da maɓalli. A wurinta, abin da ya yi shiru sau ɗaya zai sake. Shugabar bironmu kuwa ta ba ni zuwa ƙarshen wata in dawo wurin aiki da ƙafata, ko a ba wani kujerar.

Na biyar. Ba zan yi wa wayar kirarin da ba nata ba. Hausa takan karanta da bakin Bafaranshe, sai na saurara sau biyu. Wasu manhajoji cike suke da wuraren da ba abin da take cewa sai "maɓalli, maɓalli". Na yi wata da watanni ina raɗa musu suna ɗaya bayan ɗaya, gwaninku ya share su da rana guda. Amma da duk gazawarta, shekara biyar ba ta taɓa yar da ni a titi ba, sai da ta bi ta hannun masu ido.

Ga abin da nake nema. Kada a sake goge wayar kowa ba tare da an tambaye shi ba. A koya wa ma'aikatanka mene ne muryar nan. In ba ku da mai koyarwa, ni ina da Asabar, kuma ni ma kyauta nake yi. A gaya wa matar kanta cewa mai waya ake yi wa magana.

Na ƙarshe shi ne babba. Ba na son sabuwar waya, ba na son hotona a shafinku ana miƙa mini kwali. Kai nake so, Mushe Darakta. Ka zo Zongo kafin wata ya ƙare, ka tuɓe takalmi a zaurenmu, ka gaya wa Inna da bakinka cewa wayar ba ta lalace ba, 'yarta ba ta yi sakaci ba, mutanenka ne suka kashe abin da ba su gane ba. Ni na faɗa mata ba ta ji ba. Kai mai ido ne, kuma namiji mai mota, wataƙila ta ji.

Gidan ba ya da wuyar ganewa. In ka ɓata, ka kira ni, zan kwatanta maka.

Allah ya tsare maka ganinka, ya ƙara maka fahimta a kansa, ya kuma raba wayarka da gwanin gyara irin naka.

Ina jiran sallamarka a zaure. Wassalam.

Balkisa,
Zongo, Kwatano.