Sun Sa Mini Suna Shafi Ɗaya

Assalamu alaikum Anti. Ki yi haƙuri da na ɗora miki nauyina, na san akwai waɗanda damuwarsu ta fi tawa. Na rasa wanda zan gaya wa ne bai yi dariya ba.

Ni mai guga ce a wani kamfanin wanki, na haura hamsin. Karatun allo na yi, na sauke tun ina budurwa, boko kuwa ban taɓa yi ba. Bara na shiga ajin Turanci na manya. Malamarmu ta ba kowa aron ɗan littafin labari, ta ce mu je gida mu karanta don jin daɗi. Nawa labarin wata mata ne da ta fita neman ƙanenta da ya ɓata. Wallahi Anti, matar nan ta shiga raina.

To ni yadda aka koya mini, ba a wanke allo sai an iya, ba a wuce kalma ba a san ta ba. Sauran 'yan aji suna ta sake littafi, ni ina shafin farko, ina maimaitawa, ina rera shi ina rangaji kamar yadda na saba. Malama ta ce in riƙa tsallake abin da ban gane ba. Na ce to, amma zuciyata ta ƙi. Gani nake ha'inci ne in ce na karanta abin da na tsallake.

'Yata ta fari, ma'aikaciyar ofis ce, ta ɗauke ni bidiyo ban sani ba, ta tura wa dangi. Daga can ya kai wurin aikinmu. Yanzu in na shiga, sai masu ninke kaya su jeru suna rangaji. Sun sa mini suna Shafi Ɗaya. Maigidana ma da shi yake kirana in yana son ruwan wanka. Ƙanwarsa kuwa a gaban baƙi ta ce wai a ƙyale ni, tsohuwa ta samu 'yar tsana.

Duk na daure. Abin da ya karya ni, ranar nan muna zaune 'yar tawa ta fizge littafin daga hannuna, ta buɗe ƙarshensa, ta ce wai bari ta rage mini wahalar shekaru: ƙanen ya mutu tun kafin matar ta bar gida. Kowa ya fashe da dariya. Ni da na goya ta. Ban ce uffan ba, don kada in yi mata baki.

Tun ranar ban buɗe shi ba. Asabar ake aji, kuma na yi niyyar in mayar wa malama kayanta in daina zuwa. Ko ni ce na ɗauko abin da ba nawa ba? Don Allah ki amsa mini kafin Asabar.

Mai guga

Wa alaikumus salam Yaya.

Abin da 'yarki ta yi ba wasa ba ne, wulaƙanci ne. Kin kyauta da ba ki yi mata baki ba, amma wannan bai ce ki haɗiye komai ba. Ki kira ta ɗaki ku biyu, ki ce ta goge bidiyon, ta kuma sanar da dangin da ta tura wa cewa ta yi kuskure. Kada ki roƙe ta, uwa ce ke. Maigida kuwa, in ya kira Shafi Ɗaya kada ki amsa. Zai tuna sunanki kafin ruwa ya huce.

Sai dai ke ma ga naki: malamarki ta fi ki gaskiya. Ladabin allo na allo ne. Littafin labari kamar hira ne da maƙwabciya, in kalma ta wuce ki ba kya tsayar da ita, zancen kike bi. Babu ha'inci a ciki, balle zunubi. Kalmar da kika bari za ki sake gamuwa da ita a gaba, a can za ki gane ta. Rangajinki kuwa ki riƙe abinki.

Ba zan ɓoye miki ba, 'yan wurin aiki ba gobe za su daina ba, kuma ƙarshen labarin an riga an ƙwace miki shi, ba ya dawowa. Amma ita matar ba ta sani ba tukuna. Tana kan hanya ita kaɗai, ke kuma kin san abin da ke jiranta. Ki juya takardar yau, ki raka ta. Ranar Asabar ki je aji, ki ce wa malama ba ki gama ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya shirya miki zuri'a.