Abin Awon Hayaƙi a Ɗakin Jego

Gidan Amumune

Ƙanena Abdussalamu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ina karatu?

Hankalina ba kwance yake ba. Jaririn ƙanwarmu Ramlatu tari yake, ƙirjinsa na ƙara. Ka san Inna da jego: wuta ƙarƙashin gado, ƙofa rufe, taga toshe da tsumma, wai kar sanyi ya kama mai jego. Ni in na shiga idona har ruwa yake.

Ga na'urar awon hayaƙin da ka rataye a ɗakin saboda bincikenka, Inna ta ba Sule mai kabu-kabu ya kawo maka. Duba ka faɗa mini gaskiya. In hayaƙin ne, zan tunkari Inna ko za ta yi fushi da ni.

Yayarka,
Hafiza

Maradi

Yaya Hafiza,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na duba awon. Ki kwantar da hankalinki. Iskar ɗakin tsaf take, har ta fi ta ajinmu na jami'a. Malamina ma ya yi mamaki, ya ce in sake awo, shi ya sa na maido na'urar. Mura ce kawai. Ki bar Inna da wutarta, ke dai kin cika tsoro tun muna yara.

A gaida Ramlatu da baƙo.

Abdussalamu

Gidan Amumune

Abdussalamu,

Ko gaisuwa ban iyawa.

Da Sule ya maido na'urarka ina tsaye. Inna ta karɓa, ta naɗe ta cikin sabon zane, ta sa cikin kwalla, ta rufe. Na ce, "Inna, me ke nan?" Ta ce, "Kayan jami'a ne. Tun ranar da Abdussalamu ya tafi na sauke shi na adana. In hayaƙi ya ɓata wa yaron nan kaya, da wane ido zai dubi malamansa?"

Innalillahi! Cikin kwalla ka auna, malam mai bincike. Ni kuwa saboda maganarka na ja bakina, har icce na ƙaro mata.

Yanzu jaririn ya daina kama nono, in ya ja numfashi haƙarƙarinsa lotsawa suke. Na watsa wa wutar ruwa da hannuna, Inna na kuka tana cewa zan kashe mata ɗiya. Mun samu mota, za mu wajen likita a Mayahi. Ban gaya mata abin da kwallarta ta jawo ba, kuma ban san ko zan iya ba.

Ka yi mana addu'a.

Hafiza

Maradi

Yaya,

Kada ki gaya wa Inna komai. Na'urar ta zo mini fes, ko warin hayaƙi babu, ban tambayi dalili ba. Gobe ina bisa hanyar Mayahi.

Wayarki ba ta shiga. Don Allah ki aiko mini ko kalma ɗaya: yana numfashi?

Ƙanenki,
Abdussalamu