Igiya Talatin Daga Rana

Uwargida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Ya ƙafarta?

Kin tambayi aikina. Har yanzu ina gidan nune-nunen kimiyya, muna rataye duniyoyin roba a wani dogon zaure. Ashe masana ba da kilomita suke auna sararin samaniya ba, lissafin ya yi musu yawa. Nisan da ke tsakanin duniyarmu da rana suka mayar ma'auni guda. Injiniyarmu ta yanka igiya daidai faɗin hannuwana biyu in na ware su, ta ce ita ce wannan nisan. Ita tana zaune da shayinta, ni ina jan gwiwa a ƙasa ina awo. Amma ba zan zalunce ta ba, ba ta taɓa ɗaga min murya ba.

Duniyarmu igiya ɗaya take daga fitilar da ke matsayin rana. Ta ƙarshe, shuɗiya, igiya talatin. Da na kai can na waiwaya, wallahi ban ga fitilar ba, sai wani abu fari kamar an shafa alli. Na yi wa Dogo, abokin aikina, tsawa ya kunna ta. Ya yi dariya, wai ko tsufa ya kama ni, ai tun safe take ci.

Ban yi dariya ba. Kada Inna ta ji.

Naki,
Baban yara

Uwargida,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na gode da addu'a.

Dogo ya kai maganar wurin injiniya. Na ji haushinsa, amma da ni ne a ƙasa ina riƙe masa tsani, haka zan yi. An hana ni hawa. Likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran kuma bai yi alkawari ba.

Kullum da safe ina zuwa zauren in gwada kaina. Makon jiya daga igiya goma ina gane fitilar. Yau sai da na matso biyar. Tsoro nake ji, uwargida, irin wanda ban ji ba ko ranar da na baro ku.

Na ajiye aikin, ina tafe ƙarshen wata. Ki zo tasha da kanki. In kin ga ina dube-dube, kada ki tsaya daga nesa kina ɗaga min hannu. Ki matso, ki kira ni.

Ki gaida Inna, yanzu ki faɗa mata.

Naki har kullum,
Baban yara