An tafi da wayar fiyanon 'yata

Anti Walida, don Allah ki taimaka mini. Ban yi boko mai nisa ba, ki yi haƙuri da rubutuna.

Ranar Asabar na raka 'yata Rumaisa wurin malamarta ta fiyano a Sri Petaling, nan Malesiya. Ta kaɗa wani tsohon kiɗan Turawa mai tafiya a hankali, wanda babanta ya zaɓar mata. Ko kuskure ɗaya babu. Amma malamar ta ce yarinyar nan tana kiɗa kamar injin wanki, kamar ba ta taɓa jin abin da kunnenta ba. Kuma gaskiya ta faɗa.

Mijina Yusha'u karatun dakta ya kawo shi Malesiya, a nan kuma Allah ya karɓi abinsa bara. Shi ya saya mata fiyano na lantarki. In tana kiɗa sai ya zauna a kujerar roba yana gyaɗa kai, shi da ko tafi bai iya ba. Ana zaman makoki a gidanmu na Cheras, Hajiya Indo, wadda ta naɗa kanta shugabar matan ɗalibai, ta zare wayar wutar ta jefa a jakarta, wai kada a ji kiɗa a gidan takaba a kai mu gaba har Kano. Ita da wayar hannunta ke rera waƙar biki duk lokacin da aka kira ta!

Kullum sai Rumaisa ta zauna tana danna fiyanon shiru, tana ƙirge a baki. Haka ta haddace kiɗan kaf. Yanzu makarantarsu za ta yi taron wasa kafin mu koma gida gaba ɗaya, ta ce ba za ta hau ba, ta daina. In na lallashe ta sai ta ce mini "boleh lah", wato to, ta shige ɗaki. Yaya ake sa wa kiɗa rai, Anti? Na gama takaba tuni, amma har yau ban je na karɓo wayar ba.

Uwar mai fiyano, Cheras

*

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Malam Yusha'u, ya raya abin da ya bari.

Hajiya Indo ta yi tsoron bakin mutane, kuma bakin mutanenmu abin tsoro ne, na ba ta wannan. Sai dai takaba a kanki take, ba a kan soket ba. Ki bar mata wayar ta haɗa da sauran kayan mulkinta. Irinta na nan a shagon kayan kiɗa, Rumaisa ma ta san wurin. Ke ma kin sani. Ba Hajiya kike tsoro ba, kiɗan kike tsoro ki ji, ga kujera ba kowa. Yarinya kuma ta karanta fuskarki, ta yi shiru don ta tausaya miki.

Malamar ta yi kaifin baki, amma ba ta yi ƙarya ba. Yatsu sun yi nasu, saura kunne. Ki jona fiyanon. Ta fara rera kiɗan da bakinta, inda ta ja numfashi, nan hannu zai ɗan dakata. Ta ɗauke shi kamar magana: akwai raɗa, akwai ɗaga murya, ba wanda ke gaisuwa da faɗa da murya ɗaya. Hannun hagu ya sassauta, na dama ya yi bayani. Ta naɗi kanta a waya ta saurara, ta daina ƙirge kamar mai awon gero. Kada ki ce mata ta yi don Baba, nauyin ya yi wa yarinya yawa. Hawa dandali kuma ki bar mata zaɓi.

Ke kuma ki jawo kujerar robar nan ki zauna. In kuka ya zo, ki yi a gabanta, ba zai lalata fiyano ba. Ba sai kin iya komai ba, mai kujerar ma gyaɗa kai kawai yake yi.

Allah ya sanyaya muku zuciya, ya kai ku gida lafiya.

Anti Walida