Busassun Giyayyun da Kuka Sare a Fadamar Toranke

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gyaran Fadama na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka da abokan aikinka. Ni tsohon malamin firamare ne, na ajiye alli, ina zaune a Toranke. Sau biyu na zo ofishinka ban same ka ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Kafin a shiga noman ranin bana, yaran aikinka sun share bakin fadamar da ke bayan garinmu. Sun kyauta, ruwa ya samu hanya. Amma sun haɗa har da busassun itatuwan giyayya da ke tsaye a cikin ruwa. Da na tambayi dalili, aka ce mataccen icce ba shi da amfani sai murhu, kuma yana yaga komar masunta. Ba wanda ya ɗaga kai ya duba abin da ke sauka a kansu.

Na biyu. A kan waɗannan itatuwa dimilmilo ke sauka, wato baƙin tsuntsun nan mai dogon wuya da ke nutso ya kamo kifi. Gashinsa yana jiƙewa sharkaf, ba kamar na agwagwa ba. Dole in ya fito ya samu busasshen reshe marar ganye, ya buɗe fukafukai ya shanya su kamar wanki. Da aka sare, tsuntsayen sun yi ta kewaya wurin na 'yan kwanaki, daga nan suka tafi. Ban san inda suka nufa ba.

Na uku, kuma shi ne ainihin kukana, ko da za a ce tsufa ne. Tun da mai ɗakina ta rasu, gidan ya yi mini faɗi. 'Yata ɗaya ce, Hauwa'u, tana aure a Kudu. Ni ba gwanin hira ba ne. In ta bugo waya, daga lafiya lau sai a gaida yara, sai mu yi sallama. Da ta lura, sai ta aiko mini da waya mai ɗaukar hoto. Kullum bayan asuba nakan ja kekena zuwa fadama, in laɓe a bayan kaba, in jira rana ta daki fukafukan nan, in ɗauka in tura mata. Sai ta tambaye ni wanne ya kama kifi, wanne ya kori ɗan'uwansa daga reshe. A nan bakina ke buɗewa. Akwai wani mai yagaggen fiffike da jikokina suka sa wa suna Tsoho, wai da ni yake kama.

Yanzu ina zuwa in tarar da ruwa fayau, ba kowa. Na gwada tura mata hoton balbela, ta yaba, amma hirar ba ta yi nisa ba. Wallahi kaɗaici yana cina, ban ɓoye maka ba.

Roƙona, ranka ya daɗe: akwai kututture ɗaya da gatari bai kai gare shi ba, can gefen gabas. A bar shi. A kuma ba ni izini in kafa wa tsuntsayen 'yan dirkoki a inda masunta ba sa jefa koma. Ni zan nemo, ni zan kafa. Sannan in za a sake shara, a tambayi masu zama a bakin ruwan tukuna.

Allah ya yi maka jagora a aikinka, ya raya zuri'arka, ya sa kada ka wayi gari ka rasa abin da za ka ce wa ɗanka. Shekaranjiya Hauwa'u ta ce yara suna tambayar Tsoho. Har yanzu ban amsa mata ba, amsarka nake jira.

Wassalam, na bar ka lafiya.

Tsohon malami, Toranke