Rumbun da Kika Ɓoye Ni

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ɗanki Dogara ne daga garin Silver Spring na ƙasar waje. Ni ke faɗa, jikarki Ladi ke rubutawa, don kin san dalilin da ya sa ba na rubutu. Yau shekara sittin ke nan ina riƙe da maganar.

Kin tuna ranar da malamin makaranta ya zo ɗaukar yaro ɗaya daga kowane gida? Kika cusa ni cikin rumbu, kika ce in na yi tari sai kin yanke min kunne. Kika tura ƙanena Danladi. Shi ya zama injiniya, ni na tsufa ina dangwala yatsa a takarda.

Inna, a benen da muke zaune akwai wani tsoho Bayahude, ina ce masa Malam Haruna. Su kowane mako da yankin Attaura da suke karantawa, in shekara ta zagayo su sauke su koma farko. Duk Alhamis nakan sauka wurinsa. Ya karanta, ya warware min da Turanci, ni kuma in kama abin da Turancina na kasuwa ya iya kamawa. Shafin nasu abin kallo ne: nassi kaɗan, malamai sun kewaye shi da sharhi, wannan ya tambaya, wancan ya musa. Ba wanda ake dungure wa kai don ya ce me ya sa.

Bara muka zo kan Rifkatu, wadda ta sa ƙaramin ɗanta ya karɓi albarkar wansa Isuwa. Na ce ta zalunci Isuwa. Ya karanto min sharhin malamai huɗu, na ƙi duka huɗun. Ya yi dariya, ya ce yanzu na fara karatu.

Da makon Rifkatu ya sake zagayowa bana, na ba shi labarin rumbu. Sai ya tambaye ni: a lokacin, wane ɗa ake ɓoyewa, wanda ake so ko wanda ba a so?

Nan take na tuna kin sa min dafaffiyar gyaɗa a aljihu kafin ki rufe rumbun.

Wannan fa sharhinsa ne, Inna. Bai san ki ba. Danladi ya ce bai tuna komai ba, Ladi ta ce in bar wa Allah. Na ƙi.

Allah ya ji ƙanki, ya ba ki hutawa, ya haɗa mu cikin salama. Amma kafin nan ki amsa min, ko a mafarki ne: so ne ya sa kika ɓoye ni, ko hannun noma kike tattali? Ina jira.

Ɗanki na fari,
Dogara