Ruwan Zartsi a Rijiya ta Tara

Madina, 9 ga Shawwal, 1402

Zuwa ga mai ɗakina, Hajiya Shafa'atu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki da ta yara, da jikin Iya. Ni lafiyata ƙalau, sai dai ba zan iso Zariya ranar da na alkawarta ba. Ina unguwar Harra ta Gabas, gidan yayanki Maigandi. Fasfona kuwa yana hannun kafilinmu, wato mai kamfanin da nake wa aiki.

Ga abin da ya faru. Rijiyar gas idan ta kwana biyu, ruwa kan biyo iskar har ya danne ta. Aikina shi ne in dama wani sinadari da ruwan daɗi, tsararo kamar koko, a tura shi ƙasa. Bayan awa shida sai ya daskare kamar kwanannen tuwo, ya toshe kafar ruwan, ya bar ta iskar. A rijiya ta tara, can gabashin ƙasar, cikin azumi, ya daskare tun yana cikin bututu. Ruwa ya tsaya, iska ma ta tsaya.

Bincike ya nuna da ruwan zartsi aka dama, gishiri kuwa yana gaggauta daskarewa. Kafili ya rubuta cewa ha'incin direban tankar ruwa ne, Ja'afaru, mutumin Chadi. Idan na sa hannu a takardar, a ba ni fasfo da izinin fita a ranar, shi kuma a kore shi daga ƙasar da 'ya'yansa biyar, duk haihuwar nan. Kullum nakan je ofishinsa, in zauna, in taso ban sa hannu ba.

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Mahmudu

Madina, 27 ga Shawwal, 1402

Hajiya Shafa'atu,

Ina gaishe ki, ina gaida Iya da yara. Allah ya sa kuna lafiya.

Akwai abin da na ɓoye miki. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa dama sinadarin ba sai na ɗanɗana ruwan da harshena. Ran da abin ya faru na tsoma yatsa, na tuna ina azumi, na goge a riga. Na'urar gwaji tana cikin mota, taku ɗari biyu, rana tana tsaka, sai na yi ƙyuiya. Ja'afaru kuwa inda aka nuna masa ya ɗebo.

Jiya na rubuta wannan da hannuna na miƙa wa kafili. Ya karanta sau biyu, ya mayar da fasfon cikin aljihun tebur, ya murɗa makulli. Maganar za ta je gaban kwamitin ƙwadago, Maigandi ya ce irinta kan ci shekara. Ja'afaru ya koma kan tankarsa.

Na kwance akwatina. Atamfar da na saya miki zan ba alhazan garinmu su kawo bayan aikin Hajji. Ki ɗinka ki sa, kada ki ajiye ta don ranar taryata.

Wassalam. Naki har kullum,
Mahmudu